Layin da Aka Kashe Yana Iya Kisa: Janareta, Sola da Batir a Ranar Gyaran Wuta

Duk lokacin da za a yi gyara a layin wuta, ko a famfon burtsatse, ko a asibiti, mukan aiko da sanarwa ta bakin shugabannin unguwanni cewa za a ɗauke wuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. A ƙarshen sanarwar akwai wata magana da mutane da yawa ba sa ba ta muhimmanci: kada kowa ya tada janareta ko ya kunna inbata da ke haɗe da wayar gida ko ta shago, sai an sanar cewa an gama aiki.

Wasunku sun tambaye mu dalili, kuma suna da gaskiyar tambaya. Mai cajin waya ya ce ranar da babu wuta ita ce ranar cinikinsa. Mai sayar da ruwan sanyi yana kallon ƙanƙararsa tana narkewa. Mai aski yana da mutane zaune a benci suna jira. Ina ruwan mai gyara da janaretan da mutum ya saya da kuɗinsa, ya zuba wa mai da kuɗinsa? Mun ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla, domin wanda ya fahimci dalilin doka ya fi wanda aka tsawata wa kiyaye ta.

Yadda wuta ke komawa baya

Ku ɗauki misali da ruwan famfo. A ce bututu ya fashe, mai gyara ya je ya rufe kan babban tanki, ya dawo ya yanke bututun yana ganin babu ruwa. Bai san cewa wani gida yana da nasa ɗan tanki a bisa, wanda aka haɗa da wannan bututu ɗin ba. Da zarar masu gidan sun buɗe nasu, ruwa zai biyo bututun ta ɗaya ɓangaren ya same shi. Da ruwa, iyakarsa ya jiƙe. Haka waya take, sai dai abin da ke biyo ta ba ya jiƙa mutum, tsayar da zuciyarsa yake yi.

Waya ba ta san gaba da baya ba. Duk inda aka zuba mata wuta, za ta kai ta ko'ina ta miƙa. Idan aka tada janareta, ko gurup kamar yadda ake cewa a nan, aka cusa wayarsa cikin soket ɗin bango ba tare da an raba gidan da babban layi ba, wutar tana haska ɗakin, sannan ta fita ta mita ko ta wayar da aka jawo daga sandar wuta, ta hau layin da ma'aikaci ke riƙe da shi. Shi kuwa ya kashe babban makunni da hannunsa, ya tabbatar a ransa babu komai.

Akwai masu cewa janaretansu ƙarami ne, ɗan Tiger ne kawai, me zai yi wa mutum? Ƙaramin janareta da babba duk ƙarfin da suke fitarwa a soket ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, daidai da na babban layi. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, kuma kaɗan ne ƙwarai. Ana auna shi da amfiya. Idan aka raba amfiya ɗaya gida 1,000, kashi 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame hannun mutum a kan waya ya kasa saki. Daga kashi 30 zuwa sama, numfashi da bugun zuciya suna cikin haɗari. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan ninki tara na wannan. Janareta mai wat 650 kuwa yana iya ba da kusan amfiya 3, wato ninki 100 na abin da ke isa ya hallaka magidanci.

Inda akwai taransifoma, abin ya fi muni. Aikin taransifoma shi ne ta karɓi wuta mai dubban bolt daga manyan wayoyi ta sauko da ita zuwa ƙarfin da gida ke amfani da shi. Waɗanda suka fito daga Najeriya sun san taransifomar unguwa mai karɓar bolt 11,000. To ita ma ba ta san gaba da baya ba. Idan aka ba ta 220 ta ƙasa, sai ta ɗaga ta zuwa dubbai ta aika sama, ga wanda ke bisa sanda, wataƙila a wata unguwa da mai janaretan bai taɓa takawa ba.

Wani mai wayo zai ce ai idan ɗan janaretansa ya ɗauki nauyin dukan unguwa, nan take zai shaƙe ya mutu. Sau da yawa haka ke faruwa. Amma kafin ya mutu yana ɗaukar 'yan daƙiƙu, kuma wuta ba ta bukatar fiye da haka. Sannan a ranar gyara akan yanke gajeren sashe ne na layi, mai gidaje kaɗan waɗanda yawancinsu sun kashe kayansu. Janaretan ba ya jin wani nauyi, sai ya ci gaba da ruri lafiya lau, layin kuma yana ɗauke da wuta har a gama.

Wayar da mai janareta bai san da ita ba

Wannan ita ta fi damun mu. Tun 2019 da iyalai suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, an kafa shaguna, an buɗe wuraren caji da gidajen kallon ƙwallo, kuma kowace sana'a tana son wuta. Kafin watan Agustan 2023, yawancin wutar da ake sha a Maradi da Damagaram daga Najeriya take shigowa, ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga can a watan Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka maido ta, duk mai hali ya nemi abin dogaro na biyu. Ba mu ga laifin kowa ba. Sai dai wayoyin da aka ja a irin wannan yanayi babu wanda ya zana taswirarsu.

Ga yadda abin kan kasance. Mutum ɗaya yana da janareta, yana ba maƙwabta huɗu ko biyar wuta suna biyansa a mako. Shi kansa shagonsa ba ya haɗe da babban layi ko kaɗan, don haka yana rantsuwa cewa janaretansa bai shafi kowa ba, kuma gaskiyar abin da ya sani yake faɗa. Amma ɗaya daga cikin maƙwabtan, tela ne ko mai shayi, yana da waya ta biyu da ya jawo daga babban layi, kuma wayoyin biyu sun haɗu a soket ɗaya a bayan kantarsa. Ta wannan soket ɗin wutar janareta ke tsallakawa. Mai janareta bai sani ba, telan bai san abin da haɗin ke jawowa ba, ma'aikacin da ke bisa tsani bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shi ya sa muke bi shago-shago muna tambayar wa ke da janareta, wa ke da inbata da batir, wa ke ba wa wuta. Mun san ana jin tsoron wannan tambaya. Wanda ya rasa gona da dabbobi, ya zo ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi abin sana'a, ba ya son a rubuta sunansa a takarda. Ba don ƙwace muke tambaya ba, ba kuma don tara ba. Muna so ne mu san ta ƙofa nawa wuta ke iya shiga layi kafin mu ce wa mutum ya hau.

Maganin wannan matsala ba shi da tsada. Akwai makunnin sauya layi, wanda masu gyara ke kira canjoba. Hannunsa yana da matsayi uku: sama babban layi, ƙasa janareta, tsakiya a kashe. An ƙera shi yadda ba zai yiwu ɓangarorin biyu su haɗu ba ko mutum ya manta. Mai kyau yana yanke wayoyin duka biyu, mai wuta da ta dawowa. Wannan yana da muhimmanci, domin a wurare da yawa an haɗa wayoyi ba tare da kula da launi ba, sai ka tarar makunnin bango yana yanke wayar da ba ita ce mai wutar ba. Wanda ba shi da halin sa canjoba, ya yi abin da ya fi sauƙi: ya ja waya dabam daga janareta kai tsaye zuwa firji ko allon cajinsa, kada ta taɓa wayar bango. Janaretan da ke aiki haka, shi kaɗai da kayansa, babu wanda zai hana a tada shi ranar gyara, muddin ma'aikacinmu ya duba ya gani da idonsa.

Waya mai filogi a kai biyu, wadda ake cusa ɗaya a janareta ɗaya a bango, ba mu yarda da ita ba ko da wane dalili. Ban da wutar da take mayarwa layi, idan kan da ke bango ya zare, ƙarafansa tsirara suke kuma da wuta, a ƙasa, daidai inda yaro mai rarrafe ke kai hannu. Kuma ranar da babbar wuta ta dawo ta tarar da janareta a kan layi, janaretan ne ke ƙonewa, wani lokaci har da shagon.

Na'urorin da ke tashi da kansu

Janaretan gida sai mutum ya ja igiya. Akwai wasu na'urori da ba sa jiran kowa, kuma su aka ƙera domin su farka daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Babban janaretan asibiti ko na ofis yana iya kasancewa da na'urar da ke tada shi cikin 'yan daƙiƙu idan ta ji layi ya mutu. Ba ta bambance ɗaukewar wuta da kashewar mai gyara. Akwatin ajiyar wuta da ake sa wa kwamfuta, wanda ake kira UPS, da inbata mai batir, su ko ƙiftawar ido ba sa jira. Mutum yana iya kashe babban makunnin gini, wasu soket ɗin su ci gaba da zama da wuta na awoyi, shiru, babu ƙara babu hayaƙi. Janareta ko ba komai ana jin rurinsa. Inbata tana iya zama a ƙarƙashin gado an lulluɓe ta da zane, mai gidan ma ya tafi kasuwa.

A asibiti ba ma iya kashe komai haka kawai, saboda allurar rigakafi tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Don haka idan kuka ga an ɗage aikin gyara da kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ana tsara yadda za a raba firjin da sauran ginin ne.

Farantin sola ba shi da makunni a jikinsa. Muddin akwai haske, yana fitar da wuta. Faranti ɗaya babba yana ba da wajen bolt 40, amma a famfon burtsatse akan jera su da yawa a haɗe, ƙarfinsu ya taru. Goma a jere sun kai wajen bolt 400. Hadari ko ƙurar hunturu suna rage yawan wutar, famfo ya yi sanyi ko ya tsaya, amma ƙarfin da ke kan wayar yana nan kusan yadda yake. Tsayawar famfo ba shaida ba ce cewa wayarsa ta mutu. Irin wutar da sola ke fitarwa kuma tana da wani hali: idan aka fizge haɗin waya tana cikin aiki, tartsatsin ba ya mutuwa da sauri, yana ci kamar na walda. Muna roƙon iyaye su hana yara shiga shingen faranti, ko don ɗauko ƙwallo ko don koro akuya. Idan kun ga waya ta tsinke ko dabba ta tauna ta, ku faɗa wa mai kula da famfo, kada ku ɗaure ta da leda.

Ko bayan an raba inbata ko akwatin famfo da batir da faranti, akwai wasu sassa a cikinsu da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta a jira minti 5 kafin a buɗe. Idan kuka ga ma'aikaci ya kashe komai ya koma inuwa ya zauna, ba lalaci ba ne.

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan sufana ko zobe ya haɗa kawunansa biyu, ƙarfen yana yin ja nan take ya ƙone yatsa. Lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, don haka kada a sha taba ko a kunna ashana kusa da shi. Janareta kuma a waje ake tada shi, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe masu barci.

Kwaɗo da jan kati

Ma'aikatanmu suna bin ƙa'idar da masu aikin wuta ke bi a ƙasashe da yawa. Da farko sukan yanke layin ta kowace ƙofa da suka sani. Sai su sa kwaɗo a makunnin, su rataya jan kati, makullin kuma yana aljihun wanda zai taɓa wayar. Idan su uku ne, kwaɗo uku. Sai su gwada wayar da na'urar gwaji, bayan sun fara gwada na'urar a inda suka san akwai wuta, su sake gwada ta bayan sun gama, don kada ya zama ita ce ta lalace. Testa mai kama da sukundireba, wadda ake sayarwa a kasuwa, ba ma dogara da ita a wannan aiki. A cikin hasken rana ba a ganin ƙyallinta sosai, kuma tana iya yin shiru a kan wayar sola mai ɗauke da ɗaruruwan bolt. Daga nan sai su haɗa wayoyin da juna su ɗaure su da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, yadda idan wuta ta shigo daga baya za ta bi ƙasa. Abin da ke kusa mai wuta kuma a rufe shi ko a yi masa shinge.

Gwaji yana faɗa wa mutum halin da waya ke ciki ne a wannan minti kaɗai. An gwada da ƙarfe 10 babu komai, da ƙarfe 10 da rabi wani ya ja igiyar janareta. Ɗaure waya da ƙasa yana rage wannan haɗari, amma a ƙananan wayoyin unguwa, masu rassa ta ko'ina, ba koyaushe yake toshe kowace hanya ba. Saura yana hannunku.

Duk wanda ya ga kwaɗo da jan kati a akwatin wuta, kada ya taɓa, ko shi ne mai unguwa, ko lokacin da aka faɗa ya wuce. Idan mun ce ƙarfe 4 kuma ƙarfe 5 ta yi ba a ji komai ba, ma'anarsa har yanzu akwai mutum a kan layi. Agogo ba ya ba da izini. Sai an ji daga bakin wanda ya sa kwaɗon.

Ba ma'aikata kaɗai ke cikin haɗari ba

Ranar da aka sanar za a ɗauke wuta, samari kan ga dama ta samu. Wannan ya hau ya gyara haɗin shagonsu, wancan ya ja sabuwar waya zuwa ɗakin mahaifiyarsa, tunda ai babu wuta. Ba su da na'urar gwaji, ba su da safar hannu, ba su ɗaure komai da ƙasa ba, galibi silifa ce a ƙafarsu ko ma babu takalmi. Da Magariba ta gabato, maƙwabci ya tada janareta don mai kallon ƙwallo. Ma'aikacinmu yana da kariya kala biyar, wannan yaro ba shi da ko ɗaya, kuma mai yiwuwa ɗan ƙanin mai janaretan ne. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa a jiƙe take, jiki da gumi, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da wayar shanya duk suna iya ɗaukar wuta idan tsirarar waya ta taɓa su. Iyaye mata, kada a shanya kaya a kan wayar wuta don an ce an kashe ta.

Idan wuta ta kama mutum

Kada ku kama shi da hannu, ku ma za ta haɗa da ku. Ku tuna cewa kashe makunnin gida ba lallai ya sake shi ba, tunda wutar tana iya fitowa daga wani wuri. Wani ya ruga ya kashe makunni, sauran su ɗaga murya a kashe duk janareta da inbata da ke kusa. Idan wayar gida ce, a tsaya a kan busasshen katako ko tabarmar roba, a ture wayar ko mutumin da busasshiyar sanda. Kada a yi amfani da ƙarfe ko ɗanyen icce. Idan babbar waya ce ta faɗo daga sanda, kada kowa ya matso ƙasa da mita 10, wato kamar manyan taku goma sha biyu, ko da sanda a hannunsa, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta.

Bayan an raba shi da wutar, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannuwa biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya samu horo ya riƙa hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30. Kada a tsaya sai ma'aikacin lafiya ya iso ko mutumin ya farfaɗo. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, kada a binne shi cikin yashi, waɗannan ɓata lokaci ne da zuciyarsa ba ta da shi. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta na minti 20, ba a shafa mai ko man goge baki ko toka.

Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar. Wuta tana ƙona nama ta ciki fiye da abin da ake gani a fata, kuma bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya. Mace mai ciki a kai ta ko da jan ya yi kama da ƙarami. Waɗanda ke zaune a cikin gari suna iya kiran 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Masu janareta, inbata ko farantin sola da ba a riga an duba haɗinsu ba, su faɗa wa shugaban unguwarsu ko su zo teburin karɓar koke. Wanda ke ba maƙwabta wuta ya zo da sunayen shagunan da wayarsa ta shiga, har da waɗanda suka daina biya amma ba a cire wayarsu ba.